Baba Akanta da fiyanon ajiya

Ranar da aka zauna rabon gadon Baba Akanta, malamin da aka ɗauko bai sha wata wahala ba, don mamacin ya riga ya yi masa rabin aikin. Babbar 'yarsa ta jawo wani littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin gado, aka buɗe, sai ga komai a jere da rubutun nan nasa mai kwanciya gefen dama: gida, keke, agogo, rediyo, buta biyu, har da naira 700 da mai shayin bakin layi yake binsa. A shafin ƙarshe ya ja layi biyu da jan biro, ya rubuta "Kayan da ba nawa ba". Abu ɗaya tak ne a ƙarƙashin layin: fiyano.

Ni ba ɗansa ba ne, ko allura ba ni da ita a gadon. Sunana ya sa a cikin shaidu, shi ya sa aka kira ni. Da idona ya sauka a kan layin nan sai na miƙe na fita zaure, don bai dace a ga ƙato da furfura yana sharar hawaye a gaban yara ba. 'Ya'yana sun sha tambayata me ya sa nake durƙusa wa tsohon nan har ƙasa alhali ba mu haɗa jini ba. Ban taɓa ba su amsa cikakkiya ba, saboda a cikin amsar akwai abin kunyata. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, Allah ya jiƙansa, na ga gara in faɗa.

A unguwar Kakuri ta Kaduna muka yi maƙwabtaka, zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, jiniya na tashin mutum kafin zakara. Mahaifina lebura ne a ɗaya daga cikinsu, Baba kuma yana ofishin biyan albashi a nan ɗin dai. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Abin da ya fara ja na gidansa wani sauti ne da ke tsallako katangar nan bayan la'asar, ba goge ba, ba algaita ba, kamar mutum yana waƙa da hanci bakinsa a rufe. Na hau turmin Iya na leƙa. Shi kuwa bai ko ɗago kai ba ya ce, "Mai leƙe ba ya koyon komai. Zagayo ta ƙofa, ka yi sallama."

Tarihinsa a gutsure na same shi, yau kaɗan gobe kaɗan. A wani ƙauye na ƙasar Zazzau aka haife shi, ba takardar haihuwa, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi ci masa rai. Yakan ce wane irin akanta ne bai san ranar da aka buɗe nasa littafin ba. Abin da yake riƙe da shi shi ne, lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956 aka yi mata hawan daba, shi saurayin akawu ne da bai daɗe da sayen kekensa na farko ba. Ya yi elementare, ya yi midil, inda ya fara busa begila, sannan ya shiga makarantar horar da akawuna ta Kongo a Zariya, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya taɓa aikin baitulmalin En'e, daga nan aka kawo shi ma'aikatar kuɗi ta Jihar Arewa, zamanin Makaman Bida yana minista. Da aka raba jihohi a 1967 abokan aikinsa suka watse, wasu Kano, wasu Sakkwato, wasu Maiduguri. Shi ya zauna, daga baya ya koma masaƙa.

In yana son ya ƙure mu sai ya ba mu lissafin kuɗin da. Kwabo 12 sule, sule 20 fam, ga sisi da taro da ahu a tsakani. Layi uku ake tarawa, kowanne da nasa ƙa'idar ɗaukowa, kuma da ka ake yi. Yakan ce ranar 1 ga Janairun 1973, da naira ta shigo, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, akantocin ƙasar nan suka samu hutu, kuma daga ranar ƙwaƙwalwarsu ta fara ƙiba. Ni dai ban taɓa cin lissafin nan ba ko sau ɗaya.

Fiyanon kuwa ba irin na 'yan situdiyo ba ne. Akwatin katako ne mai tsawon ƙugu, da matakai biyu a ƙasa. Kana takawa da ƙafa, zugazugin da ke ciki yana tura iska ta cikin wasu siraran harsunan tagulla, yatsunka kuma suna zaɓar wanda zai yi magana. In ka daina takawa sai ya shaƙe, kamar an toshe wa mai waƙa baki. Yana da laulayi kamar jariri. Da damina katakon ya kumbura, madannai biyu uku su maƙale, sai Baba ya bi su da garin hoda. Da hunturu kuma fatar zugazugin ta tsage, iska na tsiyaya, sai ya aike ni wurin dukawa in karɓo ƙyallen fata mai laushi, ya jiƙa ƙaro ya liƙe da yatsa, yana hura wurin da baki.

Sai da na girma na san ba nasa ba ne. Farkon zuwansa Kaduna ya zauna gidan haya da wani ma'aikacin jirgin ƙasa, ɗan ƙabilar Ibo, wanda ke kaɗa wa mawaƙan cocinsu. Shi ya koya wa Baba karanta sauti a rubuce, d r m f s l t, shi kuma Baba yana gyara masa Hausa. Sai 1966 ta zo. Aka kashe Sardauna a watan Janairu, abubuwa suka yi ta lalacewa, har aka kai ga kashe-kashen da suka sa mutanen Gabas suka kwashe iyalansu. Baba da kansa ya raka mutumin nan tasha da dare, ɗaya daga cikin 'ya'yansa a kafaɗa. Fiyano ba ya shiga taragon da mutane ke hawa kan juna. Mutumin ya ce, "Malam, riƙe mini, zan dawo." Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, da yawa suka dawo suka karɓi gidajensu da shagunansu. Shi bai dawo ba. Baba ya aika wasiƙu zuwa adireshin da ya bar masa har ya gaji, ba amsa. Tun daga nan, in wani ya ce "fiyanonka", sai ya gyara masa: "Na ajiya."

Mu bakwai ne ko takwas a zauren, Musulmi da Kirista, yaran ma'aikata. Wata biyu na farko ba ka taɓa fiyano. Tafi kawai, da ƙirga, ɗaya biyu uku huɗu, yana buga rula a gefen benci. A bayan tsofaffin takardun albashi yake rubuta mana darasi, gaba sunayen leburori da kuɗin obataya, baya do re mi. Matsalata ɗaya ce, gaggawa. In aka zo inda aka sa alamar a yi shiru, ni sai in faɗa wa sauti na gaba tun lokacinsa bai yi ba. Rular sai ta tsaya cak.

"Kai, ɗan nan. Bugu nawa ne a gidan nan?"

"Huɗu, Baba."

"Nawa ka ba ni?"

"Uku."

"Ina ɗayan? Ka cinye?"

"Ai shiru ne a wurin, Baba, ba komai."

"Ba komai? Shirun ma ƙirga shi ake yi. Wanda ya rubuta shi ya san da shi. Maido mini abina."

Haka zan yi ta maimaitawa har a kira magariba, sauran yara na dariya. Da ladan ya ɗaga murya kuwa, ko a tsakiyar layi ake, murfin fiyano ya rufe ke nan.

Wani abin da ya koya mana, wanda ban ƙara jin wani malami ya faɗa ba, shi ne yadda Hausa ke da nata hawa da sauka tun kafin a sa mata kiɗa. Shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum. Yakan ce in ka ɗauko karin waƙar Turawa ka cusa masa kalmomin Hausa da ƙarfi, sai ka mayar da kukar miya ta zama kukan hawaye, ka ce mata sun kaɗa miyar kuka, mai saurare ya zaci mutuwa aka yi. Don haka in zai shirya wa 'yan firamare waƙar fareti, kalmomin yake fara furtawa a hankali, ya ji inda suka hau da inda suka gangara, sannan ya nemo musu sauti. Makarantu biyu uku na unguwar shi ke horar musu da 'yan badujala kyauta. Ranar yara ta 27 ga Mayu ko ranar 1 ga Oktoba, in muka shiga dandalin Murtala, yana can gefe da hularsa zanna, leɓɓansa na motsi. Ƙirga yake yi.

Mahaifina bai so ba. Wata rana ya same shi a ƙofar gida, ya gaishe shi da ladabi, don ko ba komai ta hannunsa albashi ke fitowa, ya ce, "Yallaɓai, a gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba." Baba ya ce, "Malam, a namu gidan ma haka. Ka taɓa ganina a gidan biki ina miƙa hannu? Ka ba ni shi shekara guda. In lissafinsa na makaranta bai gyaru ba, ni da kaina zan kore shi." Lissafin ya gyaru, magana ta mutu. A unguwa ma akwai masu cewa dattijo kamarsa bai kamata a ji kiɗa a gidansa ba, wasu har a wa'azi suke saka shi ba tare da kama suna ba. Abin dariyar, da aka tashi neman wanda zai riƙe kuɗin ginin masallaci, su ɗin ne suka fara cewa a ba Akanta. Ya riƙe fiye da shekara ashirin, kowace Juma'a yana manna shiga da fita a jikin allo, har kuɗin tsintsiya.

Kwabo 50 yake karɓa a wata, kuma sai ya ba da rasit. Bayan 1986, da tsarin nan na tsuke bakin aljihu ya fara cizo, aka rage ma'aikata, mahaifina na ciki. Iya ta ce in daina zuwa, ba ma iya biya, kuma ba za ta ci bashin maƙwabci ba. Na yi sati biyu ban je ba. Sai ga ƙaramar 'yarsa da takarda a ninke: rasit, da sunana, "An biya". Iya ta zaci yafewa ya yi yake sakayawa. Sai a ranar rabon gadon nan na ga gaskiyar abin, a wani tsohon littafi. Kowane wata, a ɓangaren fita: "Kuɗin karatun ɗan maƙwabci, daga aljihuna." A ɓangaren shiga kuma ga kwabo 50 ɗin. 'Yarsa ta ce da idonta ta sha ganin yana ciro kuɗin daga aljihun riga ya jefa a gwangwanin Bournvita da yake tara kuɗin darasi, sannan ya rubuta rasit. Ba zai iya rubuta "an biya" a kan abin da ba a biya ba, ko da a littafin da ba mai dubawa sai shi.

Rikicin addini na Fabrairun 2000 ba sai na ba mutumin Kaduna labarinsa ba. Kogin da muke tsallakewa ba tare da tunani ba ya zama iyaka. Muka bar Kakuri da kayan jikinmu, mu da su Baba, muka samu mafaka a Tudun Wada. Bai yi maganar gida ba, bai yi maganar kaya ba, fiyanon kawai yake ambata, wai me zai ce wa mai shi. Ashe wani tsohon ɗalibinsa, wanda a lokacin ke kaɗa wa wata coci a Sabon Tasha, ya shiga gidan ya ɗauke shi ya ɓoye a ɗakin uwarsa. Da ƙura ta lafa ya ɗoro shi a a-kori-kura, ya rufe da tabarma, ya tsallako gada har ƙofar gidan da muke. Suka rungume juna suna kuka. Da suka gama, Baba ya shiga ciki ya fito da littafi, ya ce masa ya sa hannu cewa ya dawo da kaya lafiya.

To, ga abin kunyar.

Shekarar da takardar naira 500 ta fito, 2001, ina kashiya a wani kantin kayan gini. An sa mini ranar aure, lefe bai haɗu ba. Na zari naira 30,000 a cikin ciniki, da niyyar in mayar in albashi ya zo. Albashi ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Sai maigidan ya ce ƙarshen wata zai kawo mai binciken kuɗi. Na kwashi littattafan da dare na nufi wurin Baba, na ce lissafi ne ya ƙi daidaita, ya taimake ni. A raina ina fatan ya nuna mini wata kafa da zan tura giɓin, ko cikin siminti da ya jiƙe, ko cikin bashin 'yan kwangila.

Ya sa tabarau, ya jawo fitilar ƙwai. Da farko ya raba giɓin da tara. Dabararsu ce ta tsofaffin akantoci: in ka juya lambobi, ka rubuta 45 a maimakon 54, bambancin kullum yana rabuwa da tara ba saura. Bai rabu ba. Ya raba shi biyu, ya duba ko akwai 15,000 da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba. Babu. Ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya da bakin rula, ni kuma zufa na bin bayana. Bai fi minti arba'in ba ya rufe littafin, ya cire tabarau, ya ajiye a kai.

"Littafin nan ba shi da laifi," ya ce. "Kuskure ba ya zuwa cif-cif. Kuskure da 'yan canjinsa yake zuwa, naira kaza da kwabo kaza. In ka ga dubu talatin ba ɗigo, hannu ne."

Na yi shiru. Ya bar ni a cikin shirun nan, bai taimake ni da ko tari ba. Ban san tsawonsa ba, amma na san shi yana ƙirgawa. Daga ƙarshe na faɗa masa komai.

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini biro ya ce in buɗe sabon layi, in rubuta kwanan watan da na ɗauka na gaskiya, in rubuta "bashi", in sa sunana. Da safe ya sa babbar rigarsa, muka hau bas tare. A gaban maigidan ya ce, "Alhaji, yaron nan nawa ne, ya zo da magana a bakinsa. Ka saurare shi, sannan ka yi hukuncinka." Ya koma gefe ya zauna. Ni na yi bayanin da bakina. Maigidan ya sauke ni daga kan kuɗi ya mayar da ni sito, aka riƙa yankar albashina har wata goma. Aka ɗaga bikin. Dangin amarya suka yi ta tsegumi, ita dai ta jira, ita ce uwar 'ya'yana yau. A hanyarmu ta komowa Baba bai ce uffan ba sai da muka sauka, ya tambaye ni ko har yanzu ina tuna waƙar faretin da nake tsallake wa shiru. Yau shekara ashirin da wani abu ina riƙe kuɗin mutane, kuma duk ranar da na zo rufe littafi, sai na ji rular nan.

Tsufansa bai zo da sauƙi ba. Masaƙar ta rufe kamar sauran 'yan uwanta, haƙƙinsa na sallama bai fito ba. Kowace shekara sai ya ɗauko adadin ya kai sabon shafi a ƙarƙashin "Bashin da nake bi", ba ƙari ba ragi. Matarsa Inna ta riga shi tafiya. Cutar yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, gwiwoyi suka ƙi taka fiyano, sai jika ya zauna a ƙasa yana danna matakan da hannu shi kuma yana kaɗawa. Wasu ɗalibansa sun shiga badujalar soja da ta 'yan sanda, wasu suna situdiyo suna haɗa waƙoƙin fim. In suka kawo masa aikinsu yakan saurara har ƙarshe, ya yaba muryar, sannan ya ce na'urar ce ke ƙirga musu bugu, ranar da aka ɗauke wuta za a gane wanda ya iya. A nan kam ina ganin ya ɗan matsa musu, don a cikinsu akwai masu kunne na gaske.

Dariyarsa ta ƙarshe da na gani mai ƙarfi a watan Mayun 2024 ce, da gwamnati ta dawo da tsohon taken ƙasa na 1960, wanda aka ajiye a 1978. Malaman firamaren layinmu suka rasa yadda za su koya wa yara. Baba ya sa aka sauko masa da wani kwali, ya lalubo takarda da ta koma ruwan ƙasa, gaba albashin masu gadi da fam da sule, baya taken a rubuce da d r m. Ya ce, "Ba na hana ku zubar da takarda ba?" Sati guda yara na cika masa tsakar gida, yana kan kujera da rula.

Bayan wannan bai daɗe ba. Ya haura casa'in ko a lissafin da ya fi tsanantawa. Zuwana na ƙarshe, bayan na gaishe shi, ya kama hannuna ya ce, "Malam ƙarami, littafinka ya daidaita?" Na ce ya daidaita, Baba. Ya ce madalla. Da asubar kwana na uku aka buga mini waya. A jana'izarsa, bayan sahu, can gefen titi, na hango mutumin Sabon Tasha da wasu mutum huɗu a tsaye, hulunansu a hannu, har aka ɗauki gawa suka bi mu maƙabarta.

Malamin rabon gado ya ce ajiya ba ta shiga gado. A nemi magadan mai ita, in an yi iya ƙoƙari ba a samu ba, a sayar a yi sadaka da kuɗin da niyyarsa. Sunan mutumin da na garinsu suna nan a littafin, da kwafin wasiƙun da Baba ya aika. Mun ba mutumin Sabon Tasha, ya kai wa shugabannin Ibo na Kaduna, sun ce za su aika gida a tambaya. Kafin nan 'ya'yan Baba suka ce fiyanon ya zauna a wurina, tunda ni na san laulayinsa.

Yana falona yanzu, an rufe shi da zanen Inna. Na sayi sabon littafi mai baƙin bango, na rubuta ranar da ya shigo da sunayen waɗanda suka kawo shi, suka sa hannu. Autata ta gano in ta taka da ƙafa ɗaya tana iya kaiwa madannai, kuma gaggawarta irin tawa ce sak. Jiya na ji iska na tsiyaya ta gefen hagu, ga hunturu ya kusa. Gobe in Allah ya kai mu zan biya Kasuwar Barci in nemo ƙaro da ƙyallen fata.